Yadda za ki gane inda tunanin yaronki ya kai da kofi biyu da kwalba ɗaya

Ki samo kofi biyu iri ɗaya sak, ki zuba musu ruwa daidai wa daida, ki kira yaron ya tabbatar da bakinsa cewa ruwan ɗaya ne. Toh a gabansa sai ki juye kofi ɗaya cikin doguwar kwalba siririya ki ce masa "wanne ya fi yawa yanzu?" Ɗan shekara 4 ko 5 galibi kwalbar zai nuna miki, har da rantsuwa ma, alhali a kan idonsa kika juye ko ɗigo ba ki ƙara ba.

Dan Allah kar ki ce masa daƙiƙi, wallahi kalmar nan tana min ciwo in na ji ana jifan yaro da ita. Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1980, da irin wannan gwajin ya nuna cewa daga shekara 2 zuwa wajen 7 ido ne ke jan hankalin yaro, tsayin ruwan yake gani ya manta da faɗin kofin. Sai ya kai wajen 7 zuwa 11 yake iya mayar da abu baya a cikin kansa, ya ce miki ai Umma in kika mayar kofin yadda yake zai koma. Tunanin "da a ce kaza ne da me zai faru" kuwa sai wajen 12 yake kankama.

Abin yi shi ne in ya ba da amsa, daidai ko kuskure, ki tambaye shi "ta yaya ka sani?" sannan ki yi shiru ki jira, nan ne fa yawancinmu muke gazawa saboda muna sauri tukunya na kan wuta sai mu faɗa masa amsar kawai a wuce wajen. Ki miƙa masa kwalbar ya mayar da ruwan da hannunsa, ko sau goma ne, ko zai jiƙa tabarma.

Sauran hanyoyin motsa tunaninsa duk a gida suke. Ki ba shi wake da masara a tire ya ware, ya jera cokula daga ƙarami zuwa babba. Da daddare ku yi kacici-kacici, kin ce shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya ya ce tsintsiya, kar ki tsaya nan, ya nuna miki ina shanun ina maɗaurin. In kina tatsuniyar Gizo ki dakata a tsakiya ki ce me kake ganin Ƙoƙi za ta yi. Wanda ya haura 7 ki aike shi shago ya lissafo canji tun kafin ya fita, a koya masa dara kuma, don tana sa yaro ya hango abin da abokin wasansa zai yi.

Bayan wata shida ki sake ɗauko kofunan nan ki gwada shi, ki saurari dalilin da zai ba ki wannan karon.