Babi na 5: Ban ruwan gonar lemu da rani

Sannunku da ƙoƙari, iyayena da 'yan'uwana. Wanda karatunsa bai yi sauri ba kada ya damu, sannu ba ta hana zuwa. Ka ɗora yatsa a ƙarƙashin layi, ka karanta da ƙarfi. Inda ka ga lamba kamar 2 ko 7, ƙirga ce, ka faɗe ta yadda kake faɗa a kasuwa.

Darasi na 1: Ta ina lemu yake sha?

A nan Gombe ruwan sama yakan ɗauke a watan Oktoba, sai wajen Mayu ya dawo. Lemu kuwa ba ya zubar da ganye ya huta kamar kuka, yana nan kore, yana neman ruwa cikin hunturu da zafin bazara.

Tsaya a ƙarƙashin itacen da tsakar rana. Dubi inda inuwarsa ta ƙare. Nan ƙananan saiwoyin da suke shan ruwa suka fi yawa, kuma ba su da zurfi. Gindin itacen ba baki ba ne. Sake karanta wannan: gindi ba baki ba ne.

Darasi na 2: Kewaye biyu

Wannan darasi ya fi kowanne, a nan kuma kuka fi tuntuɓe.

Ɗauki fartanya. Auna kamu 1 daga gindi, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Ja ƙaramar kunya ta kewaye itacen. Wannan kewaye na ciki ke nan. Sai ka je bakin inuwa ka ja kunya ta biyu. Wannan na waje. Tsakanin kunyoyin nan biyu za ka zuba ruwa. Cikin ƙaramin kewayen ya zauna a bushe.

Mu sake. Kewaye nawa? Biyu. Ina ruwa zai shiga? Tsakani. Ina ba zai shiga ba? Gindi.

Ga dalili. Idan ruwa yana kwana a gindi, wata cuta da ke cikin ƙasa takan kama ɓawon itacen. Za ka ga ƙaro yana tsattsafowa, ɓawon ya ruɓe, ganye ya yi rawaya, reshe ya bi reshe yana bushewa. Mai gona ya ga ganye ya yi rawaya sai ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa itacen da hannunsa.

Idan dashenka mai aure ne, nemi kumburin da ke ƙasa-ƙasa, inda aka haɗa itace biyu. Kada ƙasa ta rufe shi, kada ruwa ya taɓa shi. Saboda haka ƙaramar kunyar nan ba a jingina ta da gindi. Kamu 1 tsakani. Na ce kamu 1.

Baba, na san haka ka tarar ana yi wa albasa da tumatir, a cika kwami har ya batse. Masu gona kusa da madatsar Dadin Kowa, wadda aka gina a kan kogin Gongola, su suka fi wannan ɗabi'a, don ruwa na zuwa musu a sauƙaƙe. To lemu ba albasa ba ne. Na zaga gonakin wasu daga ajinmu bayan mun yi darasin nan sau uku, na tarar da tiyo kwance a jikin gindi yana kwarara. Haba jama'a! Me ke nan muka zauna yi? Ba na ambaton suna, mai shi ya san kansa. Gobe da safe ya ɗauki fartanya. Kewaye biyu, ruwa a tsakani, gindi a bushe.

Rubuta a littafinka sau 5: Ruwa a tsakani, gindi a bushe.

Darasi na 3: Yaushe za a ba shi?

Tona ƙasa a tsakanin kewayen, zurfin tafin hannu. Damƙi ƙasar. In ta dunƙule, bari tukuna. In ta wargaje, ba shi. Jigawa tana saurin bushewa, sai a ba ta kaɗan-kaɗan a kai a kai. Laka tana riƙe ruwa, a jinkirta. Da sassafe ko da yamma ya fi.

Lokacin huda da lokacin da 'ya'ya suke ƙanana kada ka yarda ya ji ƙishi, zai zubar da su. Wanda ya tsira zai fito ƙarami, ɓawo mai kauri, ruwa kaɗan. In kuma ka bar shi ya bushe ƙayau sannan ka kwarara masa ruwa lokaci guda, cikin lemun yakan kumbura ya fasa ɓawo. Lemu fasasshe ba mai sayensa a babbar kasuwar Gombe. Ruwa ya yi yawa dab da nuna, lemun zai yi girma amma zaƙinsa ya yi salam. Sai ka rage, ba ka yanke ba.

Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa a tsakanin kewayen don danshi ya daɗe. Ita ma kada ta taɓa gindi, gara na nan.

Darasi na 4: Ban ruwan ɗiga

Siririn bututu ne mai ƙananan huji, ruwa na ɗiga a hankali. Yana rage ɓarnar ruwa da man inji, amma da tsada, kuma laka na toshe hujin. Sa matata a bakin tanki. Bututun ma a bakin inuwa zai bi.

Darasi na 5: Tazara

Mita 7 tsakanin itace da itace. Sauran ka tambayi malamin gona.