Darasi na 7: Bishiyar Koko

Milo da Bournvita da mai shayi ke haɗa mana a Kawo ko Tudun Wada, da cakulan ɗin da yara ke rigima a kai, duk daga 'ya'yan bishiyar koko ake yin su. Asalinta daga dajin Amazon ne a Kudancin Amurka, kuma dangin goro ce, shi ya sa a Kurmi sau da yawa za ku gan su a gona ɗaya.

Me ya hana mu shuka ta a nan garin Kaduna? Ruwa ne. Tana son ruwan sama kamar milimita 1,500 zuwa 2,000 a shekara, ga inuwa ga danshi, mu kuwa rani ya yi mana tsawo ga hunturu, kafin damina ta dawo dashen ya bushe. Sai dai jihohi irin su Ondo, Osun, Kuros Riba da wani yanki na Taraba. A duniya kuma Kwaddebuwa da Ghana ne a gaba.

Ana dasa ta da tazarar mita 3, a sa ayaba a tsakani don ta yi mata inuwa, shekara 3 zuwa 5 ta fara haihuwa. Furenta a jikin kututture da manyan rassa yake fitowa, 'yan mitsi-mitsin ƙudaje ne ke kai masa barbara, sannan kwanson ya yi wata 5 zuwa 6 kafin ya nuna.

To ku saurara da kyau, musamman masu zuwa ci-rani gonakin koko. Kada ku fizge kwanso da hannu, ku yanke da wuƙa mai kaifi, don gurbin nan shi ne zai sake fure baɗi. In an fasa za a samu 'ya'ya kamar 30 zuwa 40 cikin farin nama mai zaƙi, a tara su a lulluɓe da ganyen ayaba kwana 5 zuwa 7 ana juyawa, za ku ji tarin ya ɗauki zafi yana warin tsami, wannan tsimuwar ce ke kawo ƙamshin cakulan. Wallahi mai gaggawar da ya tsallake ta kansa ya cuta, kayan za su yi ɗaci mai saye ya karya farashi. Daga nan sai shanya a rana kamar mako guda, a kan tabarma ko dakali, ban da ƙasa tsirara, har sai ɓawon ya riƙa ƙara in an murza.

Aikin gida: ku rubuta sunayen jihohi uku da ake noman koko, ku kawo ranar Asabar.