Darasi na 7: Yadda Ƙyalle Ya Ci Ƙarfin Kurkunu

Ku fara karanta waɗannan kalmomi da babbar murya, sannan ku kwafe su a littafinku: kurkunu, ƙyalle, tacewa, tafasa.

Karatu

A shekarar 1986 an ƙiyasta cewa mutum miliyan 3 da rabi ne kurkunu ke kamawa duk shekara, a ƙasashe wajen 20 na Afirka da Asiya. A shekarar 2023, mutum 14 kacal aka samu da shi a duk duniya. Ku sake duba lambobin nan da kyau. Har gobe kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar magani. To, da me aka ci ƙarfinsa?

Sai da aka fara gane hanyarsa. A cikin ruwan tafki da kududdufi akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya ganinsu sosai, su ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar kurkunu. Mutum ya sha ruwan, ba ya jin komai, sai bayan kamar shekara guda bororo ya fito masa, yawanci a ƙafa. Tsutsar da ke fitowa daga bororon kan kai tsawon mita ɗaya. Ana nannaɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, wani lokaci makonni ana fama, mai gona ya bar gona, yaro ya bar makaranta. Zafin kamar wuta yake, shi ya sa mai ciwon kan tsoma ƙafarsa a ruwa don ya ji sanyi. Nan take tsutsar ke zubar da dubban 'ya'yanta a cikin ruwan da kowa zai ɗiba.

Da mutane suka fahimci haka, sai suka riƙa tace ruwan sha da ƙyalle mai ƙananan ramuka, suka kuma roƙi mai ciwon ya nisanci tafki har ya warke. Cibiyar Carter, wadda tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya kafa, ta jagoranci aikin. An haƙa rijiyoyi, an zuba maganin ƙwari a wasu tafkuna. Amma ni abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne 'yan sa-kai da suka bi gida-gida suna koyarwa, da matan da suka tace ruwa kullum ba fashi, shekara da shekaru. Da yawansu ba su taɓa riƙe alƙalami ba.

Sai dai a kula: ƙyalle yana tare ƙwari da datti, amma ba ya tare duk ƙwayoyin cuta. In kuna shakkar ruwa, bayan tacewa ku dafa shi ya tafasa sosai na minti 1, ku zuba a mazubi mai murfi. Yaron da gudawa ta kama har ya kasa sha kuwa, asibiti za a kai shi, kada a jira.

Aiki

Ku rubuta 1986 da 2023, kowace da adadin masu ciwonta a gefe. Sannan ku tattauna da na kusa da ku: me ya sa ake hana mai kurkunu shiga tafki? Kafin darasi na gaba, kowa ya rubuta jimla 2 a kan inda yake samun ruwan sha da yadda yake ajiye shi.