Darasi na Bakwai: Kumburin Cikin Shanu a Wurin Kiwo

Idan damina ta yi nisa a ƙasar Gombe, wake ya yi yaɗo a tsakanin gero da dawa, masu shuka lablab (wani irin wake mai yaɗo) domin dabbobi kuma gonarsu ta rufe, a lokacin ne ya kamata makiyayi ya ƙara sa ido a kan garkensa. Ɗanyen ganyen wake da na lablab abinci ne mai kawo nono da ƙiba, amma idan saniya ta afka masa da yunwa, yakan narke da sauri a tumbinta ya tayar da kumfa. Kumfar nan ce ke riƙe iskar da saniya ta saba fitarwa ta hanyar gyatsa, sai tumbi ya cika ya danne huhu.

Alamar farko tana fitowa a kwiɓin hagu, a ɗan ramin nan da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu. Ramin zai cike ya taso, idan an ƙwanƙwasa shi da yatsa ya yi ƙara kamar ganga. Saniya takan daina tuƙa, ta riƙa harbin cikinta tana numfashi baki buɗe, kuma tana iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i.

Rigakafin yana farawa tun daga garke. Kafin a kora shanu, a ba su ingirici ko karan dawa su rage yunwa, sannan a jira rana ta ɗaga raɓa ta bushe, domin jiƙaƙƙen ganye ya fi tayar da kumfa. Sammako a irin wannan wuri, ko da yake al'adar makiyaya ce, ganganci ne. A kwanakin farko a bar su su yi kiwo na ɗan lokaci kawai, ana ƙarawa sannu a hankali. Mai shuka filin kiwo kuma ya tabbatar ciyawa ta kai aƙalla rabin abin da ke filin.

Idan kumburi ya riga ya fara, a fitar da saniya daga filin, a tsayar da ita gabanta ya fi bayanta tudu, a ɗura mata man gyaɗa kamar rabin lita idan babba ce. A ɗura a hankali ta gefen baki, kada ta ƙware man ya shiga huhu. A aika a kira malamin dabbobi nan take, domin huda kwiɓi aikinsa ne, shi ke da ƙarfen da ake yi da shi.