Darasi na Bakwai: Baƙin Man da Ya Dace da Injin Jirgi

Daga Yawuri zuwa Baga, daga Ibi zuwa Yeji da ke bakin tafkin Volta a Ghana, injin jirgin ruwa shi ne jarin mai jirgi. Da shi ake fita su, da shi ake kai mutane kasuwa. Wannan darasin zai koya mana karanta rubutun da ke jikin robar baƙin mai, da lissafin yadda ake haɗa shi da fetur.

Da farko, san injinka

Injin jirgi iri biyu ne. Akwai mai bugu biyu, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Shi ne ya fi yawa a ruwayenmu, kamar Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40. Akwai kuma mai bugu huɗu, wanda yake da ma'ajin baƙin mai daban kamar mota, fetur ɗinsa kuwa zalla ake zubawa. Man wannan ba ya yi wa wancan aiki.

Haruffan da za ka nema

Ɗauki alli ka rubuta wannan sau uku: TC-W3.

Idan injinka mai bugu biyu ne, waɗannan haruffan za ka nema a jikin robar kafin ka ciro kuɗi. Alama ce da ƙungiyar masu ƙera injinan ruwa ta Amurka, NMMA, take bai wa man da ya ci gwajinta. Harafin W yana nufin injin da ruwa ke sanyaya shi.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Game da 2T, wato man inji mai bugu biyu, za ka ji ana cewa, "Ai 2T duk 2T ne, na babur ma yana yi." Ba haka ba ne. Babur da ƙaramin janareta iska ce ke sanyaya su, suna aiki da zafi sosai, kuma man da aka yi musu yana barin 'yar toka idan ya ƙone. Injin jirgi kuwa ruwan kogi ne ke zagaya shi, bai kai su zafi ba, sannan yakan yi awa biyu ko uku yana gudu ɗaya ba sassauci. A irin wannan aikin tokar ba ta fita. Sai ta taru a kan fulogi, ta liƙe zoben fistin, ta toshe hanyar hayaƙi. Man TC-W3 an haɗa shi ne ya ƙone ba tare da ya bar toka ba. Baƙin man mota kuwa ya fi na babur ɓarna, don shi ba a yi shi domin a ƙona shi ba.

Na taɓa tsayawa kusa da wani makanike a bakin ruwa yana kwance injin wani dattijo. Ya ciro fulogi ya miƙo mini, bakinsa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Da ya zaro fistin, zoben ya manne a raminsa, ko da tsinin wuƙa bai motsa ba. Makaniken ya ce, "Baba, wane mai kake sa wa?" Dattijon ya ce, "Wanda ake aunawa a kwalba, ɗana, ya fi sauƙi." Mako biyu jirginsa na ɗaure a gaɓa, a tsakiyar lokacin da kifi ke kamuwa. Abin ya tsaya mini a rai, domin mutumin ba sakaci ya yi ba, rubutun ne bai iya karantawa ba.

Lissafin haɗi

Yawancin waɗannan injinan ana haɗa musu 50:1. Ma'ana, fetur kashi 50, baƙin mai kashi 1. Lita ɗaya mililita 1,000 ce, saboda haka kowace litar fetur tana buƙatar mililita 20 na mai. Lita 10 tana cin mililita 200. Jarka mai lita 20 tana cin 400. Tanki mai lita 25 yana cin 500, wato rabin lita cif, daidai da cikin robar ruwan sha wadda aka rubuta wa 50cl. Idan da ita za ka auna, ka bari ta bushe sarai, ɗigon ruwa ba ya shiri da kafireta.

Sabon inji, ko wanda aka sake wa fistin, ana ninka masa mai a awa 10 na farko: 25:1, wato lita ɗaya a tanki mai lita 25. Wasu injinan kuma ma'auninsu daban ne, don haka a duba takardar da ta zo da injin ko rubutun da ke jikin murfinsa.

Kada a yi awon ido. Idan mai ya yi kaɗan, fistin zai goga da ƙarfe har inji ya buga, wataƙila a tsakiyar ruwa da fasinja da kaya. Idan ya yi yawa, hayaƙi zai turnuƙe, fulogi ya jiƙe, inji ya riƙa sarƙewa. Fara zuba man a tanki, ka bi shi da fetur, ka rufe ka girgiza sosai.

Mai bugu huɗu da man giya

Mai bugu huɗu haruffansa FC-W ne, tare da lamba irin 10W-30 ko 10W-40. Yana da sinadarin hana tsatsa fiye da na mota, saboda damshin ruwa. Ana juye shi bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100.

Akwai mai na uku da ake yawan mantawa da shi, a can ƙasa kusa da farfela. Shi ne man giya, mai kauri, lambarsa 90. Idan ka kwance ƙusar ƙasa ka ga ya fito fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga. Sau da yawa zaren koma ne ya naɗe a bayan farfela ya yanka robar da ke tare ruwa. A kai wa makanike kafin a sake fita.

A wajen saye

Sayi roba mai hatimi, ka buɗe ta da hannunka. Launin shuɗi ko kore ba shaida ba ne, rini ne kawai ake sawa don a gane an haɗa man da fetur, kuma mai jabu ma ya iya rini. Wanda ake aunawa a kwalba a bakin hanya, babu yadda za ka san abin da ke ciki. Man da aka juye kuma kada a zubar da shi a kogi, ruwan da muke sha ne, a nan kifin yake.

Aikin aji

Gobe kowa ya zo da robar man da yake amfani da shi, mu karanta jikinta tare. Kafin nan a lissafa: mai jirgi ya sayi fetur lita 30, injinsa na cin 50:1. Mililita nawa na mai zai zuba? Idan sabon inji ne fa?