Umarnin Kariya Na Gaggawa: Yadda Ake Kai Wa Wanda Ake Ƙara Takarda

'Yar uwa, in alƙali ya sa hannu a umarnin kariya na wucin gadi, wato takardar kotu da ke tsawatar wa mai cin zarafinki kafin a yi zama, da sauran aiki a gabanki. Ina raka mata kotu a nan Birnin Kebbi, kuma ba abin da ke ci mini rai kamar takardar da aka samu da hawaye da zirga-zirga ta kwanta a ofishin rajistara ba a kai ta ba.

Dokar VAPP ta tarayya ta 2015, wato dokar hana cin zarafin mutane, wadda Kebbi ta yi tata Gwamna Atiku Bagudu ya sa mata hannu a 2022, ta yarda kotu ta ba da wannan umarni tun ba a ji ta bakin wanda ake ƙara ba, muddin akwai alamar hujja cewa yana cutar da ke ko yana dab da yi. Amma dole a kai masa: umarnin, da kwafin ƙorafinki, da shaidar da aka rubuta, da ranar da zai zo ya kare kansa. A dokar tarayya, ranar ba ta kasa kwana 5 daga isar takarda gare shi.

Ba ke za ki kai ba, ba kuma yayanki ko kawunki ba. Aikin masinjan kotu ne. Ki biya kuɗin kai takarda, ki karɓi rasit. Sannan ki tambayi ranar da zai je, don ranar ce zuciyar mutum ke tashi. Kada ta same ki ke kaɗai a gida. Ki kwashi yara ki tafi wurin danginki.

Naki shi ne kwatance, kuma nan ake yawan sakaci. Masinja bai san mutumin ba. Ki ba shi cikakken suna da laƙabin da aka fi saninsa da shi, da hoto in akwai, da unguwa, da inda yake wuni: rumfa ce a kasuwar Jega, ko gonar shinkafa a fadamar Argungu, ko majalisar ƙofar gida bayan la'asar. In ya ji ƙishin-ƙishin zai ɓuya, don haka ki riƙe bakinki.

Hannu da hannu ake so. In ya ƙi karɓa, masinja zai faɗa masa abin da ke ciki, ya ajiye a gabansa, ya rubuta haka. In kuwa ya ɓace, a koma gaban alƙali a nemi izinin liƙawa a ƙofarsa ko miƙa wa wani baligi na gidan. Liƙawa ba da izinin kotu ba, aikin banza ce.

Daga nan masinja zai cike takardar rantsuwa mai rana da lokaci da wurin da ya kai. Ki je da ƙafarki ki tabbatar ta shiga fayil. Da ita alƙali ke iya tabbatar da umarnin ko da mutumin ya ƙi zuwa. Babu ita, sai ɗage zama.

Dokar tarayya ta ce a haɗa umarnin da takardar kamu da ke jiran ya saɓa, a aika kwafi ofishin 'yan sandan da kika zaɓa. Hukuncin saɓawa ya kai tarar naira 300,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Ki zaɓi ofishin da ya fi kusa da inda kike kwana yanzu, ki ɗauki hoton takardun a waya, ki ba wata aminiya kwafi ta ajiye miki.