Yadda Ake Amfani da Kafson Hanta da Kayan Ciki Don Samun Kuzari da Kaifin Tunani

A shekarar 1926, wasu likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, George Minot da William Murphy, suka fara ciyar da masu wani mugun ƙarancin jini hanta mai yawa a kullum. A wancan lokacin wanda cutar ta kama sai dai a jira kwanansa. Amma sai ga majinyatan nan sun miƙe, jini ya dawo jikinsu, hankalinsu ya koma daidai. A 1934 aka ba likitocin biyu lambar yabo ta Nobel tare da George Whipple, sai a 1948 aka ware sinadarin da ya yi wannan aiki, wato bitamin B12.

Hanta ta warkar da mutanen nan ne saboda akwai abin da jikinsu ya rasa, ita kuma tana ɗauke da shi. Haka kafson kayan ciki da ake sayarwa yau yake: busasshiyar hanta ce, ko zuciya, ko ƙoda, ko saifa, aka niƙa aka ɗura a kafso. Yana iya taimakon wanda ke da giɓi a jikinsa, shi kuwa wanda ba shi da giɓin da wuya ya ji wani sauyi. Saboda haka matakan nan na jera su ne daga jikinka zuwa kwalbar, domin ta nan ya kamata a faro.

Mataki na farko: gano musabbabin gajiyar

Kasala da mantuwa da nauyin kai alamomi ne, kuma abubuwa da dama na kawo su: rashin isasshen barci, ciwon suga, damuwa, matsalar ƙullutun maƙogwaro da ake kira tayirod, ko zubar jini a ɓoye daga gyambon ciki. Kafin ka sayi komai, ka je a yi maka gwajin jini. Abubuwa huɗu za ka roƙa a duba: himogulobin (sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini), feritin (shi ke nuna yawan sinadarin ƙarfe, wato ayon, da jiki ya ajiye), bitamin B12, da aikin tayirod. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, himogulobin da ya gaza giram 13 a kowace desilita ga namiji, ko 12 ga macen da ba ta da ciki, ƙarancin jini ne.

Akwai waɗanda suka fi saurin samun giɓin B12: tsofaffi, waɗanda ba sa cin nama da ƙwai da madara, masu shan metformin na ciwon suga tsawon shekaru, da masu shan magungunan rage ruwan tsami na ciki irin su omeprazole. Giɓin ayon kuwa ya fi addabar matan da jinin al'ada ke zubar musu da yawa. Idan kana cikin waɗannan, gwajin ya ƙara zama dole. Kuma ina roƙon wanda ke jin dindiris ko sagewa a tafin hannu da ƙafa tare da mantuwa kada ya tsaya gwada kafso, ya ga likita, domin rashin B12 na iya lalata jijiyoyi yadda ba za su koma daidai ba idan aka yi jinkiri.

Mataki na biyu: duba ko kana cikin waɗanda bai dace su sha ba

Mai juna biyu da mai neman ɗaukar ciki su ne kan gaba. Nau'in bitamin A da ke cikin hanta, idan ya yi yawa, yana iya jawo wa ɗan tayi nakasa, shi ya sa hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ke hana masu ciki cin hanta da duk abin da aka yi da ita. Mai cutar gawut, wadda ke kumbura gaɓoɓi musamman babban yatsan ƙafa, shi ma ya nisance shi, saboda kayan ciki na ƙara sinadarin yurik a jini. Haka wanda jikinsa ke tara ayon fiye da kima, da mai cutar Wilson da ke tara sinadarin jan ƙarfe, da mai ciwon hanta, da mai shan isotretinoin na ƙurajen fuska. Yara kuma sai da izinin likita.

Mataki na uku: yi lissafin abin da ke cikin kwalbar

A nan ne na fi son mai karatu ya nutsu, domin nan ne talla da gaskiya ke rabuwa. Yawancin kafson hanta miligiram 500 ne kowane ɗaya, kuma akan ce a sha shida a rana, wato giram 3 na gari. Ɗanyar hanta kusan kashi 70 cikin ɗari ruwa ce, don haka giram 3 na busasshiya daidai yake da kimanin giram 10 na ɗanya. Loma ɗaya ke nan.

To me ke cikin wannan loma ta hantar saniya? Bitamin B12 kimanin maikirogiram 6, alhali baligi na buƙatar 2.4 a rana, ka ga ya wadatar har da ragi. Bitamin A kimanin maikirogiram 500, cikin 900 da namiji ke buƙata ko 700 na mace. Jan ƙarfe kusan miligiram 1, wanda ya kai buƙatar yini guda cif. Akwai kuma ɗan bitamin B2 da folet. Waɗannan suna da aiki na gaske: B12 da folet da su ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, B12 kuma shi ke kiyaye kuben da ya lulluɓe jijiyoyi, B2 na cikin abin da ƙwayoyin jiki ke amfani da shi wajen mayar da abinci ƙarfi.

Ayon fa? Rabin miligiram ne kacal. Namiji na buƙatar miligiram 8 a rana, mace mai al'ada 18. Gaskiya ne ayon na nama jiki ya fi saurin tsotse shi a kan na ganye da hatsi, amma ƙwayar maganin ƙarin jini ta ferrous sulfate guda ɗaya mai miligiram 200 tana ɗauke da miligiram 65 na ayon. Matar da gwaji ya nuna feritin ɗinta ya faɗi, idan ta dogara da kafson hanta, watanni za su wuce tana fama da jiri da haki ba ta cike giɓin ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ba ni takaici, don mai buƙatar taimakon gaske ce ake ɓata wa lokaci.

Haka batun kolin yake, sinadarin da ake yawan ambato idan ana maganar kaifin tunani, saboda da shi jiki ke yin asetilkolin, ɗan aiken da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi. Lomar nan tana da kimanin miligiram 33, ƙwai babba guda ɗaya kuwa ya kai 147. Wanda kolin yake nema, ƙwai ya fi masa kafso shida.

Sai kuma masu irin cutar da Minot da Murphy suka yi wa magani, waɗanda cikinsu ba ya fitar da furotin ɗin da ke ɗauko B12 ya shigar da shi jini. Su kusan kashi ɗaya cikin ɗari na abin da suka haɗiya ne ke shiga jikinsu, shi ya sa sai da hanta mai ɗimbin yawa aka ga sauyi a 1926. A yau allurar B12 ake yi musu, ko a ba su ƙwaya mai ƙarfin maikirogiram 1,000.

Mataki na huɗu: zaɓi wanda za ka saya

Hanta zalla ta fi haɗin gambiza, domin ka san abin da kake sha kuma kana iya lissafa shi. Saifa ta fi hanta yawan ayon nesa ba kusa ba, zuciya tana da sinadarin CoQ10, ƙoda tana da seleniyom, sai dai ƙoda ita ce inda gubar kadmiyom ke taruwa a jikin dabba yayin da take tsufa.

Abu biyu ne zan ce a guje su gaba ɗaya. Na farko duk haɗin da ke da tayirod ko wani ƙullutu mai fitar da homon. A shekarun 1984 da 1985 mutane da dama a jihar Minnesota da maƙwabtanta sun kamu da bugun zuciya da rama da rashin barci, da aka bi diddigi sai aka tarar tayirod ɗin shanu ne ya shiga cikin niƙaƙƙen naman da suke ci. Na biyu ƙwaƙwalwa da laka, saboda a cikinsu ne abin da ke haddasa cutar haukan shanu ya fi taruwa, cutar da aka gano a Birtaniya a 1986 kuma a 1996 aka danganta ta da wata cutar ƙwaƙwalwa mai kisa a mutane, kuma dafuwa ko busarwa ba sa kashe shi.

Ka sani cewa a Amurka, tun dokar 1994, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ba ta tantance irin waɗannan kaya kafin su shiga kasuwa yadda take yi wa magani. Don haka ka nemi wanda wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya duba, kamar mai hatimin NSF ko USP, kuma takardar jikinsa ta faɗi dabbar da aka yi shi da ita, ƙasar da ta fito, da adadin bitamin A a lamba. Wanda addininsa ya haramta masa wata dabba ya duba garin da kuma ɓawon kafson, don akan yi ɓawon da jelatin na dabba.

Mataki na biyar: fara da kaɗan, ka haɗa jimilla

Fara da kafso ɗaya ko biyu a rana tare da abinci, bayan mako guda idan ciki bai ɓaci ba ka ƙara, kada ka wuce abin da aka rubuta. Abin da ya fi muhimmanci shi ne jimillar bitamin A, domin jiki ba ya fitar da rararsa ta fitsari, ajiye ta yake yi a hanta. Iyakar da aka gindaya wa baligi maikirogiram 3,000 ce a rana. Kafso shida kaɗai ba su kai nan ba, amma idan ka haɗa su da man hantar kifi, da ƙwayar bitamin mai haɗi, sannan ka ci soyayyar hanta, wadda giram 85 nata ya haura 6,500, ka zarce nesa. A ranar da ka ci hanta ka bar kafson. Ciwon kai mai naci, tashin zuciya, bushewar fata da leɓe, zubewar gashi ko ciwon ƙashi alamu ne na a dakata a ga likita.

Mataki na shida: ba shi lokaci, sannan ka sake gwaji

Jar ƙwayar jini na rayuwa kimanin kwana 120, saboda haka sauyin gaske ba a kwana uku yake zuwa ba. Ka ajiye ɗan littafi kana rubuta awannin barcinka, lokacin da gajiya ta fi kama ka, da yadda kake iya mayar da hankali kan aiki, kuma kada ka fara wani sabon abu a lokaci guda, don ka san wanne ne ya yi aiki. Bayan mako 8 zuwa 12 ka koma a sake gwajin da aka yi maka da farko. Idan lambobin sun tashi kuma jiki ya ji daɗi, ka tattauna da likita ko za ka ci gaba da kafson ko ka koma cin hanta sau ɗaya a mako. Idan lambobin ba su motsa ba, ka ajiye kwalbar, ka tafi da ita da ɗan littafinka wurin likita, a duba ko jini na zuba a wani wuri ko hanji ne ba ya tsotse abinci yadda ya kamata.